Taron Kwamitin Makaranta: Abubuwan Da Ake Gardama A Kansu

(Jawabin da aka shirya domin karantawa a azuzuwan karatun manya da tarurrukan iyayen yara)

 

A garuruwa da ƙauyuka da yawa, idan aka yi shela cewa za a yi taro a makarantar firamare, mutane kaɗan ne ke zuwa. Wani ya ce yana gona. Wani ya ce ranar kasuwa ce. Wani kuwa ya faɗi abin da ke ransa, ya ce ai ba a kiran taro sai in za a nemi kuɗi. Sai a bar hedimasta da dagaci da mutum huɗu ko biyar su zauna a gindin darbejiya su yanke shawara. Bayan wata biyu, waɗanda suka ƙi zuwan su ne za a ji sun fi kowa ƙorafi a majalisa.

Jawabin yau a kan wannan taro ne. Su wa ke zama a cikinsa, me ke kawo musu gardama, kuma ina ikonsu ya tsaya.

WA KE RIƘE DA MAKARANTAR FIRAMARE?

Kafin mutum ya yi gardama a kan abu, ya kamata ya san mai abin. A shekarar 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, wanda aka sani da UPE. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi tsammani. Azuzuwa suka yi kaɗan, malamai suka yi kaɗan. Daga nan aka yi ta jefa nauyin firamare daga wannan hannu zuwa wancan. A 1988 aka kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa. A 1991 aka rushe ta, aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi. Tsofaffin malamai ba su manta da wannan lokaci ba, domin a wurare da dama an yi watanni ba albashi, aka yi ta yajin aiki. A 1993 aka sake dawo da hukumar.

Ran 30 ga Satumba 1999 aka ƙaddamar da sabon shiri a Sakkwato, wato UBE. A 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce kowane yaro, mace ko namiji, zai yi karatun shekara tara kyauta kuma dole: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A Abuja akwai hukumar UBEC. A kowace jiha akwai hukumar ilmin bai-ɗaya, wato SUBEB. A kowace ƙaramar hukuma kuma akwai ofishin sakataren ilmi. Gwamnatin tarayya tana ware Naira biyu cikin kowace Naira ɗari ta babban asusunta domin wannan aiki. Amma akwai sharaɗi. Jiha ba za ta karɓi kason gine-gine ba sai ta ajiye nata kuɗin daidai da wanda za a ba ta. Saboda haka an sha ganin kuɗin wasu jihohi yana kwance a Abuja shekara da shekaru, alhali yaransu na zaune a ƙasa.

To, duk waɗannan hukumomi suna nesa da ƙauye. Idan iska ta yaye rufin aji a watan Mayu, ba wanda zai gani daga Abuja. Shi ya sa wajen 2005 zuwa 2006 Majalisar Ilmi ta Ƙasa, wato zaman ministan ilmi da kwamishinonin ilmi na jihohi, ta ce kowace makaranta ta kafa kwamitin mutanen gari da zai riƙa kula da ita. Shi ne ake kira SBMC a taƙaice. Daga 2008 wani shiri na gwamnatin Ingila mai suna ESSPIN ya taimaka wajen horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, cikinsu har da Kano, Kaduna da Jigawa.

Wannan kwamiti daban yake da ƙungiyar iyaye da malamai da aka saba da ita. Ita ƙungiyar ta masu 'ya'ya a makarantar ce. Shi kuwa kwamiti na gari ne gaba ɗaya. Ana so a samu hedimasta a ciki, da wakilin malamai, da wakilin sarki ko dagaci, da malaman addini, da wakilan mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a irin su magina da kafintoci, da wakilan iyaye, har ma da yaro da yarinya daga cikin 'yan makarantar.

GARDAMA TA FARKO: WA YA ZAƁE SU?

A wurare da yawa ba wanda ya san ranar da aka zaɓi 'yan kwamiti. Takarda ce ta zo daga ofishin ilmi tana neman sunaye, hedimasta ya zauna da dagaci suka rubuta mutanensu. Irin wannan kwamiti sunansa kawai ke nan. Ma'ajin da hedimasta ya ɗauko da hannunsa ba zai iya ce wa hedimasta ya kawo rasit ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Maƙwabta a Jamhuriyar Nijar sun gwada wata hanya. Su ma suna da irin wannan kwamiti, wanda aka sani da COGES. Daga 2004, a jihar Tawa, da taimakon ƙasar Japan, aka fara zaɓen shugabannin iyaye da 'yan kwamiti ta hanyar jefa ƙuri'a a asirce. Bayan zaɓe sai gari ya taru, a lissafa abin da ke damun makaranta, a zaɓi wanda za a iya yi da ƙarfin kai, a rubuta, a ƙarshen shekara kuma a dawo gaban jama'a a faɗi abin da aka yi da abin da aka kashe. Zuwa 2007 an bazu da tsarin a faɗin ƙasar. Amfanin ƙuri'ar asiri a fili yake. A gaban dagaci, talaka ba zai ɗaga hannu ya ƙi ɗan'uwan dagaci ba. Amma a bayan zana, shi da ƙwarya kaɗai, zai zaɓi wanda ya amince da shi.

Wannan ba raina sarauta ba ne. Makarantar da dagaci bai goyi bayanta ba tana wahala ƙwarai. Wurinsa na uba yana nan. Amma riƙon kuɗi a bar shi ga wanda jama'a suka zaɓa, wanda kuma za su iya saukewa.

MAGANAR KUƊI

Nan ne murya ta fi tashi. Uba zai miƙe ya ce gwamnati ta ce ilmi kyauta ne, to kuɗin me ake nema? Gaskiyarsa. Dokar 2004 ta hana karɓar kuɗin makaranta a firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati. Ta ce wanda ya karɓa za a iya cin sa tarar da ta kai Naira 10,000, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Hedimasta kuma zai miƙe ya ce alli ya ƙare, rajista ta cika, ƙofar aji ta ɓalle, kuma ba kwabo da ya zo daga ofis tun farkon zango. Shi ma sau da yawa gaskiyarsa.

Yaya za a raba wannan gardama? Akwai bambanci tsakanin haraji da gudummawa. Idan aka ce kowane yaro ya kawo kuɗi kaza, wanda bai kawo ba a kore shi gida, wannan haraji ne, kuma ya saɓa wa doka. Wanda ke shan wahalarsa shi ne marayan da ba shi da mai biya masa, da gidan da ke da yara shida a makaranta. Idan kuwa gari ya taru ya yarda cewa da kaka kowane gida zai kawo abin da ya sawwaƙa, wani kwanon gero, wani dami, wani kuɗi, wani kuma ƙarfinsa a aikin gayya, wannan gudummawa ce. Ba a tambayar yaro. Ba a kiran sunansa a gaban 'yan'uwansa. Magana ce tsakanin manya.

Ga misali, a ce gari yana da gidaje 150. Kowane gida ya kawo kwano biyu na hatsi. An sami kwano 300 ke nan. A ajiye shi a rumbu, kada a sayar da kaka lokacin da hatsi ke arha, a jira ya yi daraja. Manomi ya fi kowa sanin wannan lissafi, kuma shi ne irin ilmin da yake kawowa kwamiti wanda malamin boko ba lalle ya sani ba.

Wani lokaci kuɗi yana zuwa daga waje kai tsaye zuwa asusun kwamiti. Daga 2015 an yi wani shiri a jihohin Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato wanda ya riƙa ba makarantu tallafi ta hannun kwamitocinsu. A 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda ya fara da jihohi bakwai, cikinsu akwai Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno. Shi ma yana ba da kuɗin gyaran makarantu ta hannun kwamiti. Abin mamaki, garin da ya zauna lafiya lokacin da babu ko sisi, ranar da tallafi ya sauka ranar ce zargi ke farawa. Kwamitin da ba ya zama sai ga shi kowa yana son shiga.

Maganin zargi ba rantsuwa ba ne, rubutu ne. A ajiye kuɗi a banki da sunan makaranta, ba a aljihun kowa ba. Kada mutum ɗaya ya iya fitar da shi, sai da sa hannun biyu ko uku. Duk abin da aka saya a karɓi rasit, ko da ƙusa ce. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a babbar takarda, da Hausa, da manyan baƙaƙe, a manna a bangon makaranta. A karanta shi da ƙarfi a taro domin wanda bai iya karatu ba. Ma'aji mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, domin shi ake karewa.

Sai kuma tambayar me za a fara yi da kuɗin. Maza sukan so abin da ido ke gani daga hanya: fenti, ko katanga, ko ƙofar ƙarfe. Malamai sukan so benci da littattafai. Idan aka bar mata suka yi magana, sau da yawa abin da za su fara ambata shi ne ruwa da bayan gida. Suna da hujja. Yarinyar da ta fara girma ba za ta iya shiga daji a gaban yara maza ba. Idan makaranta ba ta da masai na mata daban mai ƙofa, za ta riƙa fashi kwana uku ko huɗu kowane wata, daga nan ta daina zuwa gaba ɗaya, kuma ba za ta gaya wa kowa dalili ba. Fenti yana iya jira. Rufin da ke yoyo kuwa a gyara shi kafin ruwan farko, domin gini na ƙasa in ya sha damina ɗaya ba rufi, ba gyara zai nema ba, sabon gini zai nema.

MAGANAR MALAMAI

Ƙorafin iyaye sananne ne. Malam ba ya zuwa sai hantsi ya dubi ludayi. Ranar kasuwa ba a ganinsa. Ranar Juma'a ya wuce gida, Litinin bai dawo ba. A takarda makaranta tana da malamai takwas, a ido uku ne. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a ajin firamare, amma akwai azuzuwan da malami ɗaya ke fama da yara fiye da ɗari. Yaro ya kai aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, uba ya ce to gara ya bi ni gona.

A nan dole a san iyakar iko. Kwamiti ba ya ɗaukar malamin gwamnati, ba ya korarsa, ba ya riƙe masa albashi. Wannan aikin ofishin ilmi da hukumar jiha ne. Abin da kwamiti zai iya shi ne ya sa ido. A raba kwanaki, yau wane ya leƙa makaranta da safe, gobe wance. A duba littafin da malamai ke sa hannu. Wanda aka ga yana yawan fashi a fara kiransa a keɓe, cikin mutunci, a ji dalilinsa. In bai gyara ba a rubuta wa sakataren ilmi takarda, da ranakun da aka ƙirga. Ba a zagin malami a gaban ɗalibansa. Wanda ya yi haka ya kashe ajin ne gaba ɗaya.

Kuma a saurari malaman, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. An turo mutum daga birni zuwa ƙauyen da ba shi da kowa. Ba ɗakin kwana. Kuɗin babur na zuwa da komawa ya cinye rabin albashi. Albashin ma ba ya zuwa kan lokaci. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, amma a 2025 malaman firamare na yankin Abuja sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki a kan a biya su wannan sabon albashi. In haka ta faru a gindin gwamnatin tarayya, sai a auna halin malamin da ke can ƙarshen hanya. Garin da ya ba malami ɗaki, ya ara masa 'yar gona, ya fi kusa da samun malamin da zai kwana a garin.

An daɗe ana cire albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mutane da yawa sun yi murna, amma ƙungiyar malamai ta NUT ta nuna damuwa, domin ta tuna abin da ya faru bayan 1991. Wannan ba magana ce da kwamitin ƙauye zai yanke ba, amma ya kamata ya san da ita, don ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan albashi ya tsaya.

Akwai kuma maganar ko malamin ya iya abin da yake koyarwa. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake so malami ya mallaka. Amma takarda daban, iyawa daban. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu. Ta ce 21,780 ba su sami maki 75 cikin ɗari ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta ce ba a bi ƙa'ida ba, ta yi yajin aiki a watan Janairu na 2018. Har yanzu in aka tayar da zancen, mutane sukan rabu biyu. Wasu su ce an ceci yara. Wasu su ce an jefa iyalai cikin yunwa, kuma korar malami ta fi samun madadinsa sauƙi, musamman a ƙauye. Abin da ya shafi kwamiti a ciki shi ne wannan: kada mutanen gari su je suna roƙon a ɗauki ɗansu aikin koyarwa alhali sun san bai iya ba, don kawai ya sami albashi. 'Ya'yansu ne zai zauna a gabansu.

YARAN DA BA SA ZUWA

Hukumar UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya. A 2022 hukumar UNESCO ta ce in aka haɗa da 'yan shekarun sakandare sun kai kimanin miliyan 20. Mafi yawansu a Arewa suke. Waɗannan manyan lambobi ba su da amfani ga kwamiti sai ya san nasa. Yara nawa ne a garin da suka kai shekara shida ba a sa su ba? Gidan wa da gidan wa? Mai unguwa ya san wannan, matan gari sun fi shi sani.

A taro za a sami mai zafi da zai ce a kai iyayen ƙara. Doka tana bayansa. Ta ce uban da ya ƙi sa ɗansa, karo na farko a ja masa kunne. Karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Bayan haka tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Amma da wuya a ji an ɗaure wani a kan haka, kuma ɗaure uba ba ya sa abinci a gidan. Abin da ya fi aiki shi ne a je gidan a tambaya. Wata uwa za ta ce tallan da yarinyar ke yi da shi ake cefane, da shi kuma ake tara mata kayan ɗaki. Wannan ba ƙarya ba ne. Sai a duba ko za a mai da tallan bayan an tashi daga makaranta. Wani uba zai ce lokacin boko ya ci karo da na allo. Sai a zauna da malamin allo a daidaita, yara su yi nasa da asuba da yamma. Wani zai ce shuka da noman farko ba sa jira. A nan ma sai an yi sassauci, amma a sa rana da yaro zai dawo, a kuma bi sawu.

Wani uba kuwa ba ya so 'yarsa da ta girma ta zauna a gaban malami namiji. Amsar wannan ita ce malama mace, kuma ƙauyuka da yawa ba su da ko ɗaya. A jihohin Bauchi, Katsina, Neja da Sakkwato an yi wani shiri tare da UNICEF, aka riƙa ɗaukar 'yan matan karkara ana biya musu karatu a kwalejin horon malamai, da sharaɗin su koma garuruwansu su koyar. Abin lura shi ne, malamar da za ta koyar a gari nan da shekara goma, yanzu tana aji biyar ko shida. In an cire ta bana, gari ya rasa malamarsa.

Game da almajirai, gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani fiye da 150, aka buɗe ta farko a Gagi, cikin Sakkwato, a 2012. Da yawa daga cikinsu sun lalace saboda ba a tanadi mai kula da su ba. A 2023 aka kafa hukuma ta musamman domin almajirai da yaran da ba sa makaranta. Kwamitin da ya sa alaramman gari cikinsa ya fi wanda ya bar shi a waje samun haɗin kai.

Duk wannan magana ta mata ce fiye da maza, amma a taro matan na can baya, ba sa cewa uffan a gaban surukansu. Dabarar da wasu kwamitoci suka bi ita ce mata su yi nasu zaman tukuna a cikin gida, su tsai da abin da suke so, sannan wakiliyarsu ta kawo shi babban taro, a rubuta shi kamar na kowa.

FILI DA TSARO

Filin makaranta yana raguwa a hankali. Bana maƙwabci ya ƙara kunya biyu, baɗi wani ya kafa rumfa, bayan shekara biyar an yanka fuloti a filin ƙwallo. Yawancin filayen kakanni ne suka ba da su da baki. Kwamiti ya nemi a auna, a rubuta, dagaci da magadan masu filin su sa hannu, a kai kwafi ofishin ilmi. Inda ba kuɗin katanga, a dasa itatuwa a kan iyaka.

Maganar tsaro ta fi wannan nauyi. A watan Disamba na 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. A Fabrairu na 2021 an ɗauki 'yan mata 279 a Jangebe. A watan Mayu na wannan shekarar aka ɗauki ƙananan yara fiye da ɗari a wata Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. A Maris na 2024 aka shiga makarantar Kuriga a Jihar Kaduna da safe. A Nuwamba na 2025 kuma aka yi na Maga a Jihar Kebbi da na Papiri a Jihar Neja, har wasu jihohi suka rufe makarantu na wani lokaci. Uban da ya ce ba zai tura ɗansa ba bayan ya ji irin wannan labari, ba wanda ya isa ya kira shi jahili.

Gardamar ita ce a rufe ko a ci gaba. In an rufe, yaran da yawa ba za su dawo ba, musamman mata. In an buɗe aka sami matsala, wa zai ɗauki alhaki? Ba amsa ɗaya da ta dace da kowane gari. Amma akwai abubuwan da kwamiti zai tsayar tun kafin ranar tsoro. Wa za a fara gaya wa in an ga baƙin fuska ko tarin babura? Lambar wayar wa ke hannun hedimasta? Wace alama za a buga, kuma ta wace hanya yara za su bi, zuwa gidan wa? In makarantar tana bayan gari ita kaɗai, ko za a iya mai da karatu cikin gari na ɗan lokaci, a zaure ko a harabar masallaci? A kai wannan shawara ga hakimi da jami'an tsaro da ofishin ilmi a rubuce. Kada hedimasta shi kaɗai ya ɗauki wannan kaya.

DA WANE HARSHE ZA A KOYAR?

Wannan gardama ta daɗe. Tsohon tsarin ilmi ya ce a koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa a shekaru uku na farko, sannan a koma Turanci. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ce a mai da shi shekara shida. A watan Nuwamba na 2025 ministan ilmi ya ba da sanarwar soke wannan tsari, ya ce a koyar da Turanci. Masana da yawa ba su yarda da shi ba. Iyaye ma sun rabu. Wani ya ce ɗana ya iya Hausa tun a gida, Turanci na kawo shi ya koya, domin da shi ake jarrabawa, da shi ake neman aiki. Wannan buri ne mai kyau. Sai dai duk wanda ya koyi karatu da girmansa ya san da harshen da ya fara gane baƙi da wasali. Yaron da ya iya haɗa baƙaƙe da harshen da yake ji, ya fi saurin kama karatun wani harshe a kan wanda ke maimaita abin da bai san ma'anarsa ba. Kwamiti ba shi ke yin wannan doka ba. Amma zai iya gwada abu ɗaya a ƙarshen kowane zango: a kira yara goma daga aji uku, a ba su gajeren labari da Hausa, da wani da Turanci, a ji nawa za su karanta. Abin da aka gani a rubuta, a nuna wa malamai da mai duba makarantu.

LITTAFIN TARO

Sauran abu ɗaya, shi ne littafin da ake rubuta abin da aka tattauna. Kwamitoci da yawa suna zama, a yi magana mai daɗi, a yi addu'a, a watse. Bayan wata uku a dawo a sake maganar nan daga farko. A sayi littafi mai kauri. A kowane zama a rubuta kwanan wata, da sunayen waɗanda suka zo, da abin da aka yanke, da wanda aka ɗora wa aikin, da ranar da zai kawo bayani. A rubuta da Hausa, boko ko ajami, yadda kowa zai gane. Zama na gaba a fara da karanta na baya.

In za a kai kuka ofishin sakataren ilmi, kada a je da baki kawai. A rubuta takarda kwafi biyu, shugaban kwamiti da dagaci su sa hannu. A ba da ɗaya, a roƙi akawu ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayar, a dawo da ita a liƙa cikin littafin taro. In wata ɗaya ya wuce ba amsa, mutum biyu su koma da kwafin a hannu. In an canza sakatare, kamar yadda akan yi, sabon zai ga ranar da aka fara kawo kukan. Ranar zama kuma a kauce wa ranar kasuwa da lokacin shuka, a sa ta bayan la'asar, a yi shela a masallaci da gidajen suna tun ana saura mako guda.